Katakon da Kaka Ya Hana a Yi wa Fenti

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma kowa da ranarsa. Ta Kaka, mahaifin Inna, ta zo ne a tsakiyar damina, a ɗakina a Yelwa, bayan jinyar da ba ta gajiyar da kowa ba.

Na zauna zaman makoki ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa, ina kuma lura da abin da suke haɗiyewa. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan tsoho, mutumin kirki." Sai ta hau laluben abin da za ta ƙara. Wata tsohuwa daga Shanga ce ta fi kowa gaskiya. Ta ce, "Allah shi gafarta mishi. Ni dai tunda nike, ban taɓa miƙa mishi goro ya ci bai ɓare ya duba ciki ba." Aka yi dariya a cikin mayafi, har Inna da idonta ya kumbura.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ba ta yi dariya ba. Ni take harara. Ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da aka yi don in ji, "Kin ji abin da ɗiyar ga ta yi? Ta tsai da gawa bakin ruwa, maza na riƙe da makara, tana ƙwanƙwasa katako. Halin nan dai bai mutu ba, gida ya sake." Kawu kuwa, wan Inna, har aka yi sadakar uku bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Gaskiya ne, na tsai da gawar. Amma tunda labarin zai yi yawo, gara ya yi yawo da kansa da ƙafarsa. Kuma ba na son jikokinmu su tashi su ji kawai cewa an yi wani tsoho mai zargin tsiya.

Mai zargi ne, wannan ba musu. Masunci ne tun garinsu na asali yana tudu, kafin a datse ruwa ya hau kansa. Ya sha faɗa mana cewa an gaya musu ruwa zai tsaya a gindin tsamiyar kasuwa, yanzu kuwa jirgi ke bi ta kan tsamiyar. Tun daga nan, in ka ce masa ruwa zai tsaya nan, sai ya ɗaga tabarmarsa zuwa can. In ɗansa ya ƙulla taru, babbar ragar nan ta kamun kifi, sai ya bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. In an kawo masa fura, sai ya motsa ya leƙa gindin ƙwarya. Ranar da rediyo ta ce an ba mu jiharmu, an raba mu da Sakkwato, gari ya cika da murna, shi yana gyaran mamari, igiyarsa mai ƙugiyoyin kamun kifi. Ya ce, "Madalla. An sake fenti. Bari mu ga katako."

Wannan ita ce maganarsa a kan komai, amarya ce ko sabuwar tukunya. Mun ji ta har ta daina shiga kunnenmu.

Ni jikarsa ce ta farko, don haka amarya yake ce mini, ni kuwa in ce masa Tsoho, in kuma ina son abu in ce angona. Abin da babu mai iya faɗa masa, ni nake faɗa, ya rama, a tashi lafiya.

Sana'ata kifin banda. Nakan saro a ƙauyukan bakin tafki da kasuwar Wara in kawo Yelwa. Shekara da shekaru ina shan wulaƙancin masu jirgi: a ɗora buhun gero a kan kwandonki, kifi ya zama gari, in kin yi magana a ce ki sauka ki taka ruwa. Ba a daɗe da yin jiha ba na ce ya isa. Na haɗa abin da na mallaka, na sayi jirgin katako mai inji, na hannu, ta wajen wani dillali. Mai shi, in ji dillalin, mutumin ƙasa da dam ne, zai koma sana'ar mota. Ban san komai a kan inji ba. Abin da na gani shi ne jirgi dogo, shuɗi shar, yana ƙyalli. Matan da muke saro tare suka yi mini alkawarin ranar kasuwar Wara ni zan kai su, su da kayansu da goyonsu. Ƙanen maigidana, wanda ya taɓa yin tuƙi a jirgin wani, shi zai riƙe inji.

Ranar da aka kawo jirgin, duk dangi suka sauko bakin ruwa. Mu mutanen kwalekwale ne, abin da muka sani a jirgi shi ne ciki: yana yoyo ko ba ya yi. Kawu ya shiga ya tattaka, ya shafa haɗin katako, ya ce ko ɗigo babu. Aka yi ta sa albarka.

Kaka ya zo daga baya, yana dogara filafilinsa na tuƙa kwalekwale. Bai shiga ba, don ya rantse tun da daɗewa ba zai hau jirgin inji ba. Ya ce abin da ke hana mutum jin maganar ruwa ba abokin tafiya ba ne. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya bi jirgin daga goshi yana ƙwanƙwasa kowane katako da bayan yatsa, kunnensa a jiki. Da ya kai katakon baya, mai faɗin nan inda ake ɗaure inji, sai ya daɗe.

Ya ce, "Amarya, mutumin ga ɗiya tai zai aurar ko jirgi zai saisuwa? Wanga kwalliya ta mi ce?"

Na ce, "Kishi kake, Tsoho, don na samu wanda ya fi ka kyau."

Ya ce, "Ko'ina ya amsa mini. Bayan ga bai amsa ba. A kankare fenti a gani."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya naushi katakon da hannu, ya ji shi daram, ya ce, "Baba, ko dutse anka kawo sai ka ce a fasa a duba." Ni ma ban ko juya ba. Na riga na sa mai rubutu ya zana addu'a a daidai wurin da jan fenti, wa zai kankare mini?

Injin ne ya fara ba mu wahala, kuma shi ya ɗauke hankalin kowa. Ƙanen maigidana ya ja igiya har kafaɗarsa ta riƙe, inji ya yi tari ya yi shiru. Na kira makanike. Ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin, ya goge, ya mayar. Inji ya tashi ya mutu. Makanike ya zuba man tanki a kwalba ya ɗaga wa rana, sai ga ruwa kwance a ƙasa, fetur a sama. Na tafi wajen mai sayar da man na yi masa tas, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ruwan a tsohon tankin yake. Har yau ban san wanda ya yi gaskiya ba. Aka wanke tanki, aka sake tiyo, aka kwance kabureta aka hure ta, makanike ya koya mini yadda ake auna baƙin mai a haɗa da fetur. Inji ya tashi da ƙara har yara suka watse.

Duk wannan aikin Kaka na zaune a kan kifaffen kwalekwalensa, bai rasa ko yini ɗaya ba. Mutumin da ya tsani inji, amma ya fi kowa tambaya. Wannan mi ne? In ya ɓace mi za ya faru? Tsohon da ka cire ina ka sa shi? Makanike ya ƙosa, ya ce mini tsohon nan yana ɗaukarsa ɓarawo. Na ce kada ya damu, liman ma haka yake masa.

Shi ne ma ya lura da abu na gaba. Ya ce, "Na kowa na ga suna hitsari ta baya. Naki ba shi yi. Abin da ka ci ba shi hitsari, ba lahiya garai ba." Makanike ya taɓa kan injin ya janye hannu da sauri. Ashe 'yar robar da ke jan ruwa ta sanyaya shi ta cinye. Aka sake ta, siririn ruwa ya fara tsartuwa ta baya. Na ce, "To angona, ka samu aibinka, hankali ya kwanta?" Ya ce, "Wannan na injin ne."

Inji ba a barinsa a ruwa ya kwana. Zauren Kaka ya fi kusa da gaɓa, kuma na san ko ɓera ba ya wucewa ta nan bai sha tambaya ba. Sai na ce a riƙa ajiye shi can.

Kasuwa ta matso. Muka fito gwaji da safe, inji ya tashi lafiya, ya yi fitsarinsa, aka sa giya, ya yi ta kururuwa, jirgi ko motsi. Makanike ya ɗaga ƙafar injin ya juya farfela da yatsa, tana yawo sakaka. Akwai wata 'yar ƙusa da ke riƙe farfela da sandarta, ya ce an yi ta ne don ta karye in an bugi kututture. Amma wannan ba karyewa ta yi ba, babu ta ne gaba ɗaya. Ya sa wata. Muka zaga kusa da gaɓa a hankali, lafiya lau. Washegari babu ita. Ya yanko ƙusa ya sa. Washegari haka.

A nan ne zuciyata ta lalace, kuma ba na jin daɗin tuna kwanakin. Na zargi masu jirgin da zan raba da fasinja. Na zargi makanike, na ce yana cirewa ne don in yi ta kiransa. Na kalli ƙanen maigidana da wani ido, har maganar ta kai ga maigidan, muka yini ba mu yi wa juna magana ba. Gwaggo ta ce sammu ne, ta kawo turare. Wata ta ce mutanen ruwa ne ba a gaishe su ba. Matan da suka yi mini alkawari suka fara aiko da tambaya, wai jirgin nan zai tashi kuwa, ko su nemi wuri tun da sauran lokaci. In suka koma wa tsofaffin jiragen, na san ba za su dawo ba, ni kuma na zama abin nuni a tashar jirgi. Na je na kai kuka wajen Kaka, na ce cikin zaurenka ake shiga. Ya girgiza kai ya ce, "Duniya ta ɓaci, amarya. Kowa abin tsoro ne."

Ana jibi kasuwa na kai masa abinci da azahar, na tarar zai yi alwala. Na tsuguna ina zuba masa ruwa don butar ta yi masa nauyi. Da ya zo shafar kai, ya tura hularsa baya, ta zame ta faɗi. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. 'Yan ƙusoshina ne, duka, a naɗin hular.

Ashe kura na ba ajiyar nama.

Ya ƙarasa alwalarsa tsaf, ya yi salla, ina tsaye ina jiransa. Da ya sallame na ce, "Tsoho, kai ne? Na ɓata da makanike, na ɓata da gidan aurena, ashe ɓarawon na nan yana jan carbi."

Ya ce, "Ajiya ce. Na hwaɗi da baki, kunka yi dariya."

Na ce, "Kai mi ne ba ka hwaɗi ba? Rijiya ka zarga, rediyo ka zarga, allurar asibiti ka zarga. In za a bi ta taka, ko tuwo ba a ci."

Ranar na faɗa masa maganganun da suka wuce wasan jika da kaka. Na ce ruwa ya ci garinsu, shi kuma ya ce sai ya ci namu da baƙin rai. Na ce baƙin ciki yake mace ta yi abin da 'ya'yansa maza ba su yi ba. Inna ta fito tana ba ni haƙuri da hannu, ban saurara ba. Har yau ina cewa abin da ya yi sata ce, kuma ya bar ni na zargi bayin Allah.

Ya tattara ƙusoshin ya zuba mini a tafi. Ya ce, "Ga kayanki. Ba ni ƙara taɓawa. Amma ranar kasuwa ki bar mini wuri a baya, jikin katakon. Ni za ki hwara ɗauka."

Na ce, "Kai da ka rantse?"

Ya ce, "Sai in yi kaffara. Ba ni zama tudu a zo a ce mini ke da ɗiyan mutane kun tahi."

Wannan ce ta kashe mini jiki. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin ya karya rantsuwa ba, ko ta wasa. Na ji tsoro, kuma haushin tsoron ya fi tsoron. Na wuce gida na ɗauko wuƙar da nake fiɗar kifi, na ce bari in kankare masa tafin hannu ɗaya, in nuna masa katako, ya ji kunya gaban jama'a, mu huta.

Ya biyo ni, mutanen tasha suka biyo mu. Na shiga ruwa har gwiwa. Ya nuna mini wurin da baki, ƙasa kaɗan da inda maƙallan inji ke cizo. Na kankare fentin, mai kauri kamar ɓawon rogo. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn falanki da aka manna, shi ne Kawu ya nausa ya ji ƙarfi. Na danna bakin wuƙa a gefensa. Wuƙar ta shige har ƙota, kamar a cikin dafaffiyar kabewa.

Ƙanen maigidana ya sa hannu ya ɓamɓare falankin. Abin da ke ciki ba katako ba ne kuma: ruɓaɓɓen itace ne baƙi, an cusa garin katako da gam da tsummoki, an bi da kwalta. Makanike, wanda muka yi faɗa da shi, shi ne ya matso ya duba. Ya ce duk ƙarfin inji a kan katakon nan yake turawa. Gwajin da muke yi jirgi ba kaya, a hankali, shi ya sa ya riƙe. Ranar da aka cika shi, aka buɗe wuta a tsakiyar tafki, iska ta taso, inji zai ɓalle ya tafi da bayan jirgin, ruwa ya shigo ta ƙofa buɗe. Ya ce shi inji aka kira shi ya duba, bai kalli katako ba. Kawu ya ce shi ciki ya duba. Kwalekwale ba shi da katakon baya, babu wanda ya koya mana kallon wurin.

Na tsaya a ruwan ina lissafa fuskokin matan. Yawancinsu 'yan gari ne, ba su iya iyo ba. Akwai mai ciki, akwai mai tagwaye. Na zauna a cikin ruwa da zanena.

Kada wani ya ce muku Kaka ya yi kawaici. Ya yi gori, ya yi ta yi har ya bar duniya. Ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce, "Amarya, an kankare kuwa?" Amma shi ne ya bi kafinta har shago, ya ƙi katako bayan katako, sai da aka samo na maɗaci, busasshe mai kauri. Shi ya zauna yana cusa auduga a haɗin da hannunsa, ana bi da kwalta. Da na kawo gwangwanin shuɗin fenti, ya zauna a kansa. Ya ce a shafa mai in ana so, amma katakon nan tsirara zai zauna, duk wanda zai hau ya gan shi da idonsa. Dillalin kuwa ya ce shi ma rufe shi aka yi, mai jirgin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kaka bai yarda da dillalin ba, ni ma haka.

Kasuwar ta wuce ni. An yi mini dariya a tasha, an ce jirgin amarya mai gindi ba wando. Wasu matan ba su dawo ba. Mai tagwayen ce ta fara dawowa, ta shafa katakon, ta ɗora kwandonta.

Ranar tafiyar farko na ce, "Angona, ga wurinka." Ya ce, "Cewa na yi ya gyaru, ban ce na yarda da shi ba." Ya shiga kwalekwalensa ya yi gaba, muna binsa a hankali, yana nuna wa ƙanen maigidana hanya da filafili. Nan kukar ƙofar gari ce, kauce dama. Nan tsamiyar kasuwa, in ruwa ya ja kanta na kusa. Sai da ya fitar da mu daga kututturan garinsu, sannan ya tsaya. Na waiwaya na gan shi shi kaɗai a kan ruwa, bai juya ba sai da muka yi nisa.

Bai taɓa hawa ba. Shekaru jirgin na aiki, kuma duk safiyar da ƙafarsa ta iya kai shi gaɓa, sai ya ƙwanƙwasa katakon kafin mu tashi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce in ya cika a kai shi ƙauyen da aka tsugunar da su a ƙasar Ngaski, a binne shi kusa da kabarin kakarmu. Ranar da ya cika, ruwan sama ya yanke hanyar mota. Jirgina ne kaɗai a gaɓa da mai a tanki. Aka yi masa wanka da sutura, maza suka sauko da makara da sauri, hadari na haɗuwa, Kawu na cewa a hanzarta. Ni an bar ni a baya da mata, inda ya kamata in tsaya.

Ban tsaya ba. Na ratsa su na ce a dakata. Na shiga ruwa da mayafina, na ɗaga farfela na ga ƙusarta na nan. Na sa aka tayar da inji, na jira sai da ya yi fitsari. Kawu ya kira ni da kakkausar murya, ban juya ba. Na sa kunnena a jikin katakon nan da ba shi da fenti, na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Mutumin da ya ƙi hawa da ransa, ba zan bari a ɗora shi ba a duba ba don ya kasa musu.

Na ɗago na ce wa makarar, "Ya amsa, Tsoho."

Sannan na kauce, aka shigar da shi, aka kwantar da shi a baya.

Allah ka gafarta masa, ka yafe masa ƙusoshina, ni na yafe. Ka sa ya tarar da abin da aka yi masa alkawari daidai yadda aka faɗa, ciki da waje. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.